Takarda Mai Shan Ruwa da Madadin Hauren Giwa: Sunayen Baƙin Ƙere-ƙere a Hausar Kasuwar Shasha

1.0 Gabatarwa

Duk baƙon abin da ya shigo kasuwa sai ya sami suna kafin rana ta faɗi, domin ciniki ba ya jiran kwamitin ƙirƙirar kalmomi. Wannan maƙala za ta dubi wasu ƙere-ƙere guda biyu, wato takarda mai shan ruwa da kuma robar da ta maye gurbin hauren giwa a jikin fiyano. Za a bayyana asalinsu da yadda ake sarrafa su, sa'an nan a nazarci sunayen da Hausawa suka ba su. An zaɓi Ibadan ne saboda a can Hausa take gogayya da Yarabanci da Ingilishi a lokaci guda, don haka ake iya ganin hanyar da kowane harshe ya bi.

2.0 Sabo da Shasha

An kafa unguwar Sabo ta Ibadan a shekarar 1916. Abner Cohen ya nuna a littafinsa na 1969 cewa fataucin goro da na shanu su ne ginshiƙin zaman Hausawa a wurin. Ita kuwa kasuwar Shasha tana arewacin birnin, cikin Ƙaramar Hukumar Akinyele, kuma nan ne ake sauke tumatir da tattasai da attaruhu da albasa daga Arewa. Rikicin watan Fabrairu na 2021 ya jawo ƙone rumfuna da rufe kasuwar na ɗan lokaci, daga baya aka sake buɗe ta. Kayan gwari kaya ne masu ruwa a jika, saboda haka mai sayar da su kullum yana tare da kwando da buhu da leda da takarda. Haka ma mai tsire a Sabo ya san bambancin jarida, wadda ke shan mai, da leda, wadda ke tara gumi ta lalata nama.

3.0 Takarda

Ana yin takarda ne da zaren tsiro, wanda masana kimiyya ke kira selulos, ko na itace ko na auduga ko na tsumma. A ɗabi'arsa wannan zare yana jan ruwa, kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Saboda haka tsohuwar matsalar masu yin takarda ita ce yadda za a hana ta shan tawada. Larabawa sun yi amfani da sitaci, mutanen Fabriyano ta Italiya suka koma ga danƙon da ake dafawa daga fata, kuma a 1807 wani Bajamushe, Moritz Illig, ya bayyana hanyar amfani da ƙaron itace da alif. Irin takardar da malaman Kano da Sakkwato suka fi so a ƙarni na 19 ita ce mai tambarin jinjirin wata uku, wadda ake yi a arewacin Italiya, ta biyo ta Tarabulus da Masar. An so ta ne domin tana riƙe rubutu ba tare da ya bazu ba.

Takarda mai shan ruwa ta juya wannan manufa. Matakai uku ne suka samar da ita. Na farko, ba a sa mata danƙon da ke toshe ƙofofin zare. Na biyu, ana manna ta jikin wani babban gangan ƙarfe mai zafi, idan ta bushe sai wata wuƙa ta kankaro ta, ta fito da ƙananan tamoji masu ƙara mata laushi da wurin ajiye ruwa. Na uku ya zo a shekarun 1960, lokacin da kamfanin Procter & Gamble ya fara busar da ita ta hanyar hura iska mai zafi ta ratsa ta, maimakon a matse ta, don kada zaren ya danne juna. Akwai kuma bambanci tsakanin ta goge hannu, wadda ake sa wa sinadarin da ke hana ta yagewa idan ta jiƙe, da ta bayan gida, wadda ake so ta narke cikin ruwa.

Ta fuskar tarihi, Joseph Gayetty ya fara sayar da takardar bayan gida a birnin Niyok a 1857. Kamfanin Kimberly-Clark ya samar da wata mai laushi da aka yi amfani da ita a madadin auduga wajen ɗaure raunuka a Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma daga gare ta aka fitar da Kleenex a 1924.

4.0 Haure

Cikakken fiyano yana da maɓallai 88, farare 52 da baƙaƙe 36. A da ana yin baƙaƙen da wani baƙin itace ɗan uwan kanya, fararen kuma a lulluɓe su da siririn yankin hauren giwa. An fifita haure ne don yana da ƙananan ƙofofi masu shan gumin yatsa, ba ya santsi a hannun makaɗi. Garuruwa biyu na jihar Konetikat ta Amurka, Deep River da Ivoryton, sun rayu a kan wannan sana'a, kuma yawancin haurensu ta Zanzibar ya fito. Hausawa ma sun taɓa wannan fatauci: a ƙarni na 19 fatake sun riƙa sayo haure daga ƙasar Adamawa, wani ya bi ayari daga Kano zuwa Tarabulus, wani ya gangara ta Binuwai zuwa hannun Turawa.

Tsadar haure ita ta sa aka shiga neman madadinsa. Alexander Parkes ya baje wani sabon abu da ya haɗa a Landan a 1862. A 1870 John Wesley Hyatt, wani ma'aikacin ɗab'i a Amurka, ya yi rajistar hanyar haɗa seluloyid: a jiƙa selulos da asid, a cuɗa shi da kafur, a matse da zafi. Abin lura shi ne, siririyar takarda tana daga cikin abubuwan da masana'antu suka riƙa jiƙawa don samun wannan haɗi. Ke nan tishu da hauren roba na farko tsatsonsu ɗaya. Aibin seluloyid shi ne saurin kama wuta da komawa ruwan ɗorawa idan ya tsufa. Daga baya aka sami wanda ake yi da cukuɗin madara, aka sami na Leo Baekeland a 1907, sa'an nan robobin da ake samu daga man fetur, waɗanda masu ƙera fiyano suka koma gare su tun daga shekarun 1950.

Sai dai robar fetur ba ta shan gumi. Don haka kamfanonin Japan suka sake komawa ga tsohuwar siffar haure: Yamaha ya fitar da Ivorite, Kawai kuma ya fitar da Neotex, wanda aka cuɗa da zaren selulos domin ya tsotse danshin yatsa. A 1989 taron yarjejeniyar CITES da aka yi a Lozan ya haramta cinikin hauren giwar Afirka tsakanin ƙasashe, hanin ya fara aiki a Janairun 1990. A Nijeriya an kafa Doka ta 11 ta 1985 mai kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, kuma a Janairun 2024 gwamnati ta niƙe kimanin tan biyu da rabi na hauren da aka kama, a Abuja.

5.0 Sunaye

Idan aka dubi kalmomin da ke bakin 'yan kasuwa, za a ga hanyoyi uku.

Hanya ta farko ita ce aro kai tsaye, tare da daidaita sauti. Misali tishu da fiyano. A kalma ta biyu an musanya baƙin farko da /f/, kamar yadda aka saba a fensir da fakiti. Ita kanta takarda tsohuwar kalmar aro ce da ta ratso Sahara, kuma Yarabawa sun karɓe ta daga Hausa suna cewa tákàdá.

Hanya ta biyu ita ce aro tare da sauya ma'ana. Leda ta fito ne daga kalmar Ingilishi mai nufin jemammiyar fata, amma a Hausa tana nufin jakar roba ko shimfiɗar ɗaki. Roba asalinta sunan danƙon itace ne, yanzu ta haɗa da kwano da bokiti da kujera da carbi. Fiyano a bakin mawaƙan finafinan Kano, tun daga shekarun 1990, tana nufin na'urar kiɗa mai aiki da lantarki, wadda babu tsirkiya ko haure a jikinta.

Hanya ta uku ita ce bayani da kalmomin gida, kuma a nan aikatau sha ya fi yin aiki:

(1) Takardar ta sha tawada.
(2) Jaridar ta shanye man tsiren.
(3) Tishun ya tsotse ruwan.
(4) A tsane hannu da shi.

A (1) aibi ake nufi, a (2) da (3) kuwa amfani. Misali na (4) ya mai da hankali kan abin da aka busar, ba kan takardar ba. Wannan ya nuna Hausa tana da isassun kalmomi na bayyana aikin gaba ɗaya.

Kwatanci da Yarabanci yana da ban sha'awa. Kalmar ike a da tana nufin haure, yau ita ce sunan robar kwano da bokiti. Wato Bayarabe ya dubi kama, fari da tauri da sheƙi, ya ba sabon abu sunan wanda ya gada. Bahaushe kuwa ya bar haure a bakin giwa, ya aro wani suna dabam. Bahaushen Shasha yana amfani da roba idan yana magana da ɗan uwansa, ya koma ike idan mai saye Bayarabiya ce, ba tare da ma'anar ta rikice masa ba.

6.0 Kammalawa

Abin da ya wadatar a kasuwa ba lallai ne ya wadatar a aji ko a kotu ba. Kalmar roba ta ɗauki kaya fiye da kima, domin malamin kimiyya yana bukatar rarrabe mai miƙewa da mai tauri. Ana iya barin danƙo ga ta farko, roba ga ta biyu. Haka nan mai fassara dokar kare namun daji yana bukatar kalmomi uku: haure na ainihi, wanda fataucinsa laifi ne, madadin haure, wanda halas ne, da jabun haure, wato robar da aka sayar da sunan haure don a cuci mai saye. Idan fassara ta haɗa su wuri guda, ana iya kama mai carbin roba a saki mai fasa-ƙwauri. Tishu ma ya kamata a rarrabe shi zuwa takardar bayan gida da takardar goge hannu da takardar tsane tawada, tunda sarrafa su ba ɗaya ba ne. Ya kamata masu shirya ƙamus su tattara irin waɗannan kalmomi daga zangunan Hausawa na Kudu, irin su Sabo da Shasha, kamar yadda suke tattarawa a Kano da Katsina.