Busua, Garin Masunta da Masu Hawan Igiyar Ruwa

Ruwan da mutumin Yauri ta ƙasar Matamaye ya saba da shi, na tafki ne ko na korama, ruwa ne kwantacce wanda damina ke kawowa rani ya janye, alhali teku, wadda ke kusan kilomita 1,000 kudu da jihar Damagaram, ba ta taɓa tsayawa wuri ɗaya. Wannan motsi shi ne jarin Busua, wani ƙauyen ƙabilar Ahanta da ke kimanin kilomita 30 yamma da Takoradi a ƙasar Gana, ƙasar da Hausawa suka sani tun zamanin fataucin goro zuwa Gwanja, inda har yau ake jin harshensu a unguwannin zango.

Hawan igiyar ruwa wasa ne da mutum ke kwanciya rub da ciki a kan dogon allo marar nauyi, ya yi ta tuƙi da hannuwa har igiyar ta ɗauke shi, sa'an nan ya miƙe tsaye ya zame a kanta zuwa gaɓa. Igiyoyin da ke isa Busua ba iskar wurin ce ke tayar da su ba. Guguwar kudancin Tekun Atlantika ce ke haifar da su, su yi tafiyar dubban kilomita, sai sun iso ruwa marar zurfi gindinsu ya ja da baya, samansu ya rinjaya ya karye. Da yake ƙasan ruwan wurin yashi ne mai gangara a hankali, igiyar takan karye da sauƙi, abin da ya sa ɗan koyo ke iya faɗuwa sau goma bai ji ciwo ba.

Ana yawan ɗaukar wasan a matsayin baƙon da ya zo daga Hawai da Amurka, musamman tun da ya shiga gasar Olamfik ta Tokyo a 2021, amma masanin tarihi Kevin Dawson ya nuna cewa tun wajen 1640 wani Bajamushe, Michael Hemmersam, ya ba da labarin yaran wannan gaɓa suna wasa da alluna a cikin ruwa, kuma a 1834 James Alexander ya ga irin haka a Ankara, wato Accra. Abin da ya zo daga waje shi ne allon zamani da kasuwancin koyarwa, wanda ya kafu a Busua bayan buɗe shagon Black Star a 2006. A yau ƴaƴan masunta ne ke koyar da baƙi, har ƴan mata suna da ƙungiyarsu mai suna Obibini.

Ga iyalin da ke son kai ziyara kuwa, zaɓen lokaci ya fi zaɓen masauki muhimmanci. Manyan igiyoyi suna zuwa ne tsakanin Afrilu da Oktoba, wato babban hutun ƴan makarantar Nijar yakan faɗo daidai lokacin da teku ta fi ƙarfi, yayin da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ke kwantar da ita ta dace da yara. Babban haɗari ba tsayin igiya ba ne, jan ruwa ne: ruwan da igiyoyi suka tara a gaɓa yakan sami wata siririyar hanya ya koma teku da gudu, kuma saman wannan hanya yakan yi luf, ta yadda baƙo zai zaci nan ne mafi aminci. Wanda ya koyi iyo a kududdufi zai so ya yi kokawa da shi kai tsaye zuwa gaɓa, nan ne ƙarfi ke ƙarewa. Dabarar ita ce a yi iyo a kaikaice, a bi tsawon gaɓar har a fita daga jan. Kuɗin da magidanci zai biya mai koyarwa ɗan gari, a gaskiya, rabinsa kuɗin sanin inda ruwa ke ja ne.

Busua dai garin kamun kifi ne kafin ya zama na baƙi, kuma kwalekwale da taru sun riga allo zuwa bakin ruwa, har masunta da yawa a gaɓar Gana ba sa fita ranar Talata bisa al'ada. Dattawan da ba su da niyyar jiƙa tufafinsu suna iya takawa zuwa Dixcove, inda Ingilishi suka gina ganuwar Metal Cross a ƙarshen ƙarni na 17, ko zuwa Butre, inda ganuwar Batenstein ta mutanen Holan ke kan tudu tun 1656. Dukansu biyu suna cikin gine-ginen da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 1979, kuma cinikin zinariya da na bayi ne ya kawo maginansu wannan gaɓa.