Waya a Hannu, Karatu a Kai

Ya kai ɗan'uwa manomi, kai da ka gama ajin yaƙi da jahilci. Yau zancenmu na labari ne: wa ke samun sa da wuri, wa ke samun sa bayan kasuwa ta watse.

Ɗauki misalin manoma biyu a ƙasar Dungas. Kowanne ya samu wake buhu 5. Ɗan kasuwa ya zo har ƙofar gida ya taya. Na farko bai san kuɗin tiya a Magariya ba, bai san yadda naira ta kwana a Maigatari ba. Sai ya sallama. Na biyu ya ce a dakata. Ya buga waya kasuwa uku, ya rubuta kuɗin kowace a takarda, ya fidda kuɗin amalanke, sannan ya yi ciniki. Ruwa ɗaya suka samu, wahala ɗaya suka sha, amma riba ba ɗaya ba. Mai waya da sanin aiki da ita ya wuce, marar ita an bar shi baya. Wannan rata ce muke so a toshe.

Ba yau aka fara ba

A 1962 aka kafa kulob-kulob na rediyo a Nijar. Mutanen gari su taru gindin akwati ɗaya, su saurara, su yi mahawara. A ɗauki muryarsu a kai Yamai, ƙasa duka ta ji abin da talaka ya ce. A 1963 aka buɗe ma'aikatar yaƙi da jahilci. Daga nan aka riƙa buga ƙananan jaridu da littattafai da Hausa, don kada wanda ya koyi karatu ya mance.

Da salula ta zo

A 2001 salula ta shigo ƙasarmu. Wata malama daga Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006. Ta gano cewa inda waya ta kai, bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Dalili kuwa, labari ya riga jaki zuwa kasuwa.

Amma waya kaɗai ba ta isa ba. Akwai ƙauyukan da sai ka hau tudu kafin ka samu rezo. Caji kuɗi ne, kati kuɗi ne. Mata da yawa sai aron ta miji. Wanda bai iya karatu ba kuwa, saƙo ya shigo sai ya nemi mai karanta masa, asirinsa na hannun wani.

A 2009 da 2010 an yi gwaji a ƙauyuka fiye da 100 na jihohin Dosso da Damagaram. A waɗansu azuzuwan manya an haɗa da koyon rubuta saƙo a waya, a waɗansu ba a haɗa ba. Da aka yi jarrabawa, masu waya suka fi a rubutu da lissafi. Me ya sa? Don kullum suna aiki da abin da suka koya. Fartanyar da ake noma da ita ba ta tsatsa.

Kowanne da aikinsa

Rediyo ba ta tambayar ko ka yi lakkwal. Tana kai magana gona, tana kai ta cikin gida, da harshenka. Amma maganar rediyo iska ce, in ta wuce ta wuce. Waya tana da sauri, sai dai gaskiya da ƙarya duk hanya ɗaya suke bi. Takarda ba ta sauri, amma in ka ajiye ta, baɗi ma tana nan. Don haka a haɗa ukun.

Ga misali. Ka ji a rediyo an yi bayanin ajiye wake a buhun PICS mai ruɓi uku, ba tare da magani ba. Ka rubuta: a shanya wake ya bushe sarai, a duba kada leda ta huje, a matse iska, a ɗaure kowane ruɓi dabam. Ka sa takardar a sanduƙi. Kaka ta zo, maƙwabcinka ya tambaya, sai ka ɗauko ka karanta masa. Wannan sanduƙi shi ne ɗakin karatun garinku, ko da kuwa na kwano ne.

Abin da za ka yi

1. Ku taru, ku da kuka gama aji, ku samu sanduƙi mai makulli. Ku zuba littattafan ajinku, da wannan jarida, da takardun malamin gona. A naɗa mai riƙe makulli, a riƙa rubuta sunan mai aro.

2. Ku sayi littafin rubutu guda. Duk ranar kasuwa a rubuta kuɗin tiyar hatsi, da wake, da gujiya, da riɗi. Bayan shekara za ku ga da idonku watan da ya fi dacewa a sayar.

3. In saƙon murya ya zo yana tallar maganin murzuna ko na tsutsa, kada ka tura wa kowa sai ka tambayi malamin gona. Karanta abin da ke jikin kwalba, ka duba ranar da zai lalace.

4. Koya wa matarka da ɗiyarka rubuta saƙo da lamba. Mai ƙuli-ƙuli da man gujiya ita ma ciniki take yi.

Daga Waca har Malawa, daga Bande har Dogo-Dogo, babu garin da ya rasa mai karatu ko da ɗaya ne. A garinku kai ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma sai wani ya fara kamawa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu sayar da sani.