Hoton CT da Ciwon Toshewar Huhu: Ma'aunin Masu Taba da Matan Murhu

A ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya, ciwon toshewar hanyoyin numfashi mai daɗewa, wanda likitoci ke kira COPD, ya yi ajalin mutum miliyan 3.5 a shekarar 2021. Duk da haka, a wurarenmu mai wannan ciwo kan share shekaru ana ba shi maganin asma, ko a sake ɗora shi kan maganin tarin tibi, alhali huhunsa na ƙara lalacewa.

Ba da hoto ake tabbatar da ciwon ba. Ana ba majiyyaci maganin buɗe hanyar iska, sannan ya hura da iya ƙarfinsa cikin wata ƙaramar na'urar awon numfashi. In iskar da ya fitar a daƙiƙar farko ba ta kai kashi 70 cikin 100 na duk abin da ya iya fitarwa ba, to akwai toshewa. Sai dai awon ba ya faɗin inda ɓarnar take, balle irinta. Wannan aikin hoton CT ne.

Na'urar, wadda injiniyan Ingila Godfrey Hounsfield ya ƙera, aka kuma fara ɗaukar majiyyaci da ita a Landan a 1971, tana nuna ƙirji falle-falle, tana ba kowane ɗigo lamba gwargwadon nauyinsa: ruwa sifili, iska 1000 ƙasa da sifili. Inda ƙananan jakunkunan iskar huhu suka yayyage suka zama ramuka, lambar kan sauka ƙasa da -950, sai kwamfuta ta lissafa yawan wurin da ya mutu da kuma mazauninsa. Sanin mazaunin ba ƙaramin abu ba ne: wani babban binciken Amurka da aka fitar a 2003 ya nuna cewa tiyatar yanke ruɓaɓɓen sashe ta fi amfanar waɗanda ɓarnarsu ke saman huhu, ƙarfinsu kuma ya ragu ƙwarai. Hoton kan kuma tona sankara da tabon tibi.

To amma a kan wa aka gina wannan ma'auni? Akasari a kan masu shan taba na Turai da Amurka. Bincike a Meziko ya gano cewa matan da hayaƙin itace ya lalata wa huhu ba su cika samun waɗancan ramuka ba. Tasu ɓarnar ta fi zama a ƙananan hanyoyin iska, inda iska ke shiga ta maƙale. Irin wannan ba ta fitowa sosai sai an ƙara ɗaukar hoton bayan majiyyaci ya fitar da numfashi. Mun dai san wadda ke tsugune gaban murhu a gidajenmu tun tana budurwa. In aka ɗauke ta sau ɗaya da ƙirji cike da iska, tana iya komawa gida da takarda mai cewa lafiya lau, ga haki bai bar ta ba.

A ganina, bai dace a tura kowane mai tari ɗakin CT ba. Kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka, tururin da ke ratsa jiki a ɗauka ɗaya kuwa ya kai kimanin na hotunan ƙirji 70 na yau da kullum. Gwamnatocin jihohi su fara wadata manyan asibitoci da na'urar awon numfashi da ma'aikatan da suka iya ta. Wadda awon ya nuna tana bukatar CT kuma, likita ya rubuta a takardarta tsawon shekarun da ta yi tana girki da itace, ya nemi a ɗauke ta sau biyu.