Tsiro a Cikin Hanci

Mura takan yi mako ɗaya ko biyu ta wuce. Amma in hancinka ya toshe har wata uku, majina ba ta yankewa, kana barci baki buɗe, kuma ka daina jin ƙanshin abinci, wataƙila tsiro ne ya fito a cikin hancin.

Mene ne wannan tsiro?

Fatar cikin hanci ce takan daɗe a kumbure, har ta zama nama mai laushi da ke reto ya tare hanyar iska. Yawanci yakan fito a kafofin hanci duka biyu, kuma ba ya zafi. Ba ciwon daji ba ne, ba a kuma ɗaukarsa daga wani. Ya fi kama manya, musamman masu ciwon asma. In asfirin na sa maka toshewar numfashi, ka faɗa wa likita.

Yaya ake gane shi?

Likita zai yi maka tambayoyi, ya haska cikin hancinka ya duba. Wani lokaci sai an tura ka wurin likitan hanci da kunne da maƙogwaro, ko a ɗauki hoto.

Magani

Wannan ciwo kamar hawan jini yake: ana lallaɓa shi ne kullum.

1. Wanke hanci da ruwan gishiri safe da yamma. Tafasa ruwa lita 1, ka zuba gishiri ƙaramin cokali 2 a shafe, ka bari ya huce. Haɗa sabo kowace rana.

2. Fesa maganin da likita ya ba ka bayan wankin. Sunkuyar da kai kaɗan, ka nufi gefen kunne da bakin kwalbar. Yakan ɗauki makonni kafin ka ji sauƙi. Kada ka bari don ka ji dama.

3. Ƙwayar prednisolone tana motsar da tsiron, amma ta ƴan kwanaki ce. Kada ka saye ta a kasuwa, domin yawan shanta na kawo ciwon sukari da hawan jini.

4. Guji taba da hayaƙin murhu. Rufe hanci da rawani ko mayafi lokacin ƙurar hunturu da sussuka.

In magani ya kāsa, ana yin aiki a cire tsiron ta ƙofar hanci. Sai dai yakan sake tohowa, shi ya sa ake ci gaba da wanki da feshi bayan aiki. Kada ka bari wanzami ya yanke shi, jini na iya ɓallewa.

Zo asibiti ba da jinkiri ba in:

kafa ɗaya ce kawai ta toshe;
jini na fita daga hanci;
ido ya kumbura ko kana gani biyu-biyu;
kai na sara ƙwarai tare da zazzaɓi;
yaro ne ke da tsiron.

Ranar da aka sa maka ka dawo, ka zo da kwalbar maganinka, ko da ka ji sauƙi.