Me ya sa ruwa ba ya goge tabon yatsa a sikirin ɗin waya?

Idan aka goge sikirin da tsumma mai ɗan ruwa, tabon yatsa ba ya fita, sai dai ya ƙara bazuwa. Dalilin yana cikin yadda ƙwayoyin sinadarai ke raba caji a jikinsu.

Tabon yatsa maiƙon fata ne haɗe da zufa. Ƙwayar maiƙo yawancinta doguwar sarƙa ce ta kabon da haidirojin, kuma waɗannan biyun suna raba lantarki kusan daidai wa daida, don haka babu gefen da ya fi wani caji. A ƙwayar ruwa kuwa, oksijin yana janye lantarkin zuwa wajensa, sai gefe ɗaya ya ɗauki caji, ɗayan ya ɗauki kishiyarsa. Shi ya sa ruwa ke kwashe gishirin zufa, ya bar maiƙon a wurin.

Sinadarin aisofurofil, wanda masu gyaran waya ke wanke allon cikin waya da shi, yana da hannu biyu. A tsakiyarsa akwai rukunin OH, wato oksijin haɗe da haidirojin, mai jituwa da ruwa, sauran jikinsa kuma kabon ne da ke kama maiƙo. Ga shi da saurin bushewa. A 2020 kamfanin Apple ya ce ana iya goge jikin iPhone a hankali da ƙyallen da aka jiƙa da aisofurofil mai ƙarfin kashi 70 cikin 100.

Inda ake tafka asara shi ne asiton, wanda ke cikin yawancin ruwan goge jan farce. Nasa rukunin kabon ne da ya riƙe oksijin da ɗauri biyu. Yana narkar da maiƙo kam, amma yana cin robar jikin waya da fentinta, har ya bar dabbaren da ba ya gyaruwa.

Shi kansa gilashin yana da siririn shafi mai sinadarin fulorin, irin wanda iPhone 3GS ta zo da shi a 2009, mai hana ruwa da maiƙo kama wuri. Shi ne ke sa yatsa ya riƙa sulɓi a sabuwar waya. Yawan gurzawa da sinadarai masu ƙarfi suna cinye shi, kuma idan ya tafi, mafi sauƙin gyara shi ne liƙa sabon gilashin kariya mai irin wannan shafi.