Wa ya ƙirga buhunan gawayin Najeriya?

Tun da gas ya yi tsada, gawayi ya dawo da ƙarfinsa a gidajenmu. Mai tsire, mai guga, uwargida a kicin, kowa da murhunsa. Shi ya sa duk wanda ya wallafa a Facebook cewa Najeriya na haɗa tan miliyan kaza na gawayi a shekara, nan da nan sai a hau yaɗawa. To amma wa ya ƙirga?

Gaskiya ba wanda ya bi buhu-buhu. Gawayi ba man fetur ba ne da ke bi ta bututu mai mita. A daji ake haɗa shi, a binne itace da ƙasa ya ci wuta a hankali, a loda a mota, a sayar ba rasit. Don haka ƙiyasi ake yi.

Hanya ta farko ita ce bin gidaje: a auna abin da gida ke ƙonawa a rana, a ninka da yawan gidajen da ke girki da gawayi. Ta biyu, a tsaya a mashigar birni a ƙirga motocin da ke shigowa da shi, sai dai na dare da na ɓarauniyar hanya kan kuɓuce. Ta uku, hotunan tauraron ɗan adam. Da su masu bincike suka ƙirga wuraren ƙona gawayi a kudancin Somaliya, ƙasar da Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya haramta fitar da gawayinta a 2012.

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar, wato FAO, ta ce a 2015 duniya ta samar da kusan tan miliyan 52, kashi 62 cikin ɗari daga Afirka. Najeriya na sahun gaba tare da Brazil da Habasha. Amma inda ƙasa ba ta aika alƙaluma ba, FAO kan cike gurbin da nata lissafin.

Ina ruwanmu? Ai a ƙonawar gargajiya, kilo ɗaya na gawayi kan lashe itace kilo biyar zuwa goma. Kun ga kuskure kaɗan a lissafin buhu, daji guda ne ya ɓace daga takarda. Kuma da waɗannan alƙaluman gwamnati ke yanke shawarar hana sana'ar ko yawan itatuwan da za a dasa.

Saboda haka kafin ka tura wa wani, tambayi uku: wa ya ƙiyasta, yaushe, ta wace hanya?