Fatawar Bakin Titi: Hirar Fim da Waƙa a Titin Fordham

Duk wanda Allah ya ƙaddara masa zuwa birnin New York, ya hau jirgin ƙasa mai lamba 4 wanda ke gudu bisa gadar ƙarfe a saman titin Jerome, ya sauka a tashar Fordham, to ya faɗo cikin ɗaya daga manyan kasuwannin gundumar Bronx, inda hanya ta miƙe tun daga gaɓar kogin Harlem a yamma har ta dangana da gidan namun daji a gabas, kantunan takalma da na zinariya da na wayoyi suna jere ba masaka tsinke, galibinsu kuwa da amsa-kuwwa a bakin ƙofa tana zuba wa masu wucewa kiɗa, ko suna so ko ba sa so. Masu harshen Sifaniyanci su suka fi rinjaye, sai baƙaƙen fatar Amurka, sai mutanen Afirka ta Yamma, cikinsu har da masu jin Hausa: 'yan zangon Kumasi da na Nima, da mutanen Nijar, da na Nijeriya. Jama'a ce da addini bai haɗa ta ba, harshe bai haɗa ta ba, amma akwai fanni guda wanda kowa a cikinta yake ganin ya sauke littattafansa, watau yanke hukunci a kan fim da waƙa. A wannan fage kowa mufti ne, ba a tambayar mutum wurin wa ya yi karatu.

Al'adar tana da asali a unguwar. A shekarar 1929 aka buɗe gidan sinima na Loew's Paradise a kan titin Grand Concourse, taku kaɗan kudu da mahaɗarsa da titin Fordham, gini mai ɗaukar mutum kusan 4,000, wanda aka ƙawata rufinsa da siffar sararin samaniya, taurari suna ƙyalƙyali, gizagizai suna tafiya, domin talakan da ya wuni yana gumi ya ji kamar an shigar da shi fadar sarki da 'yan sulallansa. A zamanin nan ra'ayi cikin jam'i ake ƙulla shi, gama dubban mutane ne za su kalli abu ɗaya a dare ɗaya, su fito tare, su yi ta musu har ƙofar gida, kamar dai yadda aka yi a Kano bayan buɗe sinimar Rex a 1937, illa iyaka a Kano kafin a yi jayayya kan kyawun fim sai da aka fara yi a kan halaccin shiga wurin. Paradise ta daina nuna fim a 1994, daga baya ma wata majami'a ta karɓi ginin haya. Taron ya watse, musun kuwa bai mutu ba, ya dai koma shagon aski da na kitso da cikin motar haya.

Mutanen Bronx suna da wani dalili na musamman na zafi a wannan hira, domin unguwarsu ta daɗe tana fitowa a majigi, ba kullum cikin kamannin da suke so ba. Fim ɗin Marty na 1955, labarin wani mahauci gwauro na yankin titin Arthur, wanda ke daf da Fordham, ya ci babbar lambar Oscar, ya kuma nuna unguwar a matsayin mazaunin talakawa masu mutunci. Da aka zo 1981 sai ga Fort Apache, The Bronx, wanda Paul Newman ya fito a ciki, ya zana kudancin gundumar tamkar ba kowa cikinta sai 'yan ƙwaya da masu kisa, har mazauna wurin suka kafa kwamiti, suka fita zanga-zanga tun ana cikin ɗaukarsa. A Bronx Tale kuwa, wanda Robert De Niro ya ba da umarninsa a 1993, ko da yake labarin unguwar Belmont ne, akasarinsa a gundumar Queens aka ɗauke shi, kuma wanda ya san wannan nukuta ba ya bari hira ta tashi bai jefa ta ba. A nan ne mai lura zai fahimci cewa idan mutumin titin nan ya ce fim ya yi kyau ko bai yi ba, sau da yawa maganar da ke ransa ita ce: an mutunta mu, ko an tozarta mu?

Haka abin yake ga kiɗa. A cikin shekarun 1950 samarin Italiyawa suna haɗa murya a kusurwar titi, daga cikinsu aka sami Dion and the Belmonts, waɗanda suka ɗauki sunansu daga titin Belmont. Ranar 11 ga Agusta, 1973, DJ Kool Herc ya yi wani shagali a gida mai lamba 1520 a titin Sedgwick, wanda masana suke lasafta shi mafarin hip hop. Yau kuwa sautin da ya fi cika kunne shi ne bachata ta mutanen Jamhuriyar Dominika, wadda Romeo Santos, haifaffen Bronx, ya kai ta har ya cika filin wasa na Yankee dare biyu a 2014. Kowace ƙungiya da mazhabarta, kowace kuma tana ganin ta baya ta ɓata abin da ta gada.

To ina namu mutanen? Shiga shagon aski ranar Asabar da la'asar, ka iske an jingina waya a jikin kwalbar man gashi, ana nuna Labarina na Aminu Saira ko Izzar So, wanzami riƙe da inji ya tsaya cak a tsakiyar kan yaro domin kada wata magana ta wuce shi, wani direban tasi da ya kwana bisa hanya yana gyangyaɗi a kujera amma da an taɓa jarumin da yake so sai ya farka ya shiga zance. Mas'alolin da ake saɓani a kansu sanannu ne. Akwai masu cewa an ja labarin ya yi tsawo don neman kuɗi. Akwai masu cewa tun daga finafinan Sangaya da Wasila masana'antar Kano ba ta bar taƙlidin Indiya ba, raye-raye da soyayyar mutum uku, alhali tarihin ƙasar Hausa yana nan jibge ba a taɓa shi ba. Wani kuma ya amsa cewa, Alhaji, ai kai ma da fim ɗin Indiya ka girma. Matan da ke shagon kitso, waɗanda sukan shafe awa shida a kan kai guda, sun fi kowa sanin sirrin Daɗin Kowa na tashar Arewa24, kuma a ganina hukuncinsu ya fi na maza inganci, saboda su sukan kalli abin daga farko har ƙarshe kafin su yi magana.

Inda muhawarar ta fi armashi shi ne tsakanin uba da ɗansa haifaffen Amurka. Dattijo zai rantse cewa tun da Mamman Shata ya rasu a 1999 waƙa ta ƙare, abin da su Hamisu Breaker ke yi aikin na'ura ne, na 'yan hip hop kuwa ihu ne da alfahari da zagi. Yaron zai sunkuyar da kai don ladabi, ya ce to Baba, ya mayar da abin sauraronsa kunne. Ban taɓa jin wanda ya tuna wa dattijon cewa Bakandamiyar Shata ita ma kirarin kai ce daga farkonta har ƙarshenta ba, ko kuwa cewa zambo da habaici, waɗanda mawaƙan Bronx suke jifan juna da su, tsofaffin makamai ne a hannun maroƙan ƙasar Hausa. Da an yi adalci da an ga dangantaka. Amma dattijon ba fasaha yake karewa ba. Ƙuruciyarsa yake karewa, da garin da ya baro, da tsoron kada ɗansa ya zama baƙo gare shi.

Aibin wannan majalisa, wajibi ne a faɗe shi, shi ne fatawa ba isnadi. Mutum zai ga guntun bidiyo na minti guda da aka turo masa ta WhatsApp, ya yi wa shiri mai kashi hamsin hukunci, kuma cikin ƙiftawar ido zance ya bar fim ya koma kan rayuwar 'yar wasa, wa ta aura, me ta sa, ina ta je, har a tsallaka daga nishaɗi a faɗa cikin giba ba a ankara ba. Lokacin da ƙungiyar masu harkar fim ta MOPPAN ta kori jaruma Rahama Sadau a 2016 saboda fitowarta a bidiyon waƙar mawaƙi ClassiQ, surutun ya zagaya duk inda Bahaushe yake, kuma ba na shakka da yawa daga masu zafin ra'ayi, na goyon baya da na suka, ba su kalli bidiyon ba.

Duk da haka kada a raina hirar. Tun da satar fasaha ta karya kasuwar faifai, masu shirya finafinan Hausa da dama suka koma YouTube, inda abin da suke samu ya dogara ga yawan masu kallo da kuma ƙasar da suke zaune, gama masu talla sun fi biya da tsoka a kan ɗan kallon Amurka fiye da na Kano ko Maraɗi. Saboda haka direban nan mai gyangyaɗi, idan ya yaba wa shiri ya tura wa abokan aikinsa, ko ya yi fushi ya daina kallo, abin yana isa aljihun furodusa a Kano, kuma yana daga cikin dalilan da suka sa yanzu ake rubuta fassarar Turanci a ƙasan hoton yawancin shirye-shiryen, domin 'ya'yan da Hausarsu ta yi rauni su ma su shiga lissafi.